A Gina Rumbu Kafin A Shiga Girbi

Wani yayi ya shigo sassan nazarin Hausa na jami'o'in ƙasar nan, watau fita ƙauyuka da kyamara ko wayar hannu domin ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ajami da na Larabci waɗanda ke hannun malamai. Yayi ne mai kyau, babu mai kushe shi. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri yakan je ya durƙusa gaban malami, a kwance masa gafaka, ya ɗauki hoton shafi ɗari biyu ko uku a yini guda, ya yi godiya ya komo. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda hotunan nan suke kwana. In an bincika, sai a tarar suna cikin wayar ɗalibin, ko cikin ɗan filashin da ke rataye da makullin ɗakinsa, ko kuwa cikin kwamfutar malamin da ya duba aikin. Bayan shekara uku wayar ta salwanta, filashin ya daina buɗuwa, kwamfutar kuma an goge ta an ba yaro. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, bai kamata wani sashe ya sake tura ɗalibi ɗaukar hoton takardun mutane ba sai ya tanadi ma'ajiyar da hotunan za su zauna, kuma ya san wanda zai kula da ita.

A ɗauki ƙasar Makoɗa ta zama abin misali. Ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Kano, maƙwabciyar Ɗambatta, hedkwatarta a Koguna, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum fiye da 200,000. Ƙasa ce ta noma wadda gona ke manne da gona, daga Wailare zuwa Maitsidau, daga Satame zuwa Jibga. Duk inda jama'a suka zauna da yawa haka tun kaka da kakanni, ba a rasa tsangaya da makarantar zaure, inda kuwa ake da waɗannan ba a rasa takarda: Alƙur'ani rubutun hannun alaramma, littattafan fiƙihu da aka kwafa da alƙalamin kara, waƙoƙin wa'azi cikin ajami, wasiƙu, da takardun shaidar gona ko na rabon gado. Abokan gabar waɗannan takardu sanannu ne. Akwai gara, akwai yoyon damina, akwai gobarar hunturu, akwai kuma rabon gadon da kan raba littafi guda tsakanin magada uku, kowa ya tafi da ganyayensa. Saboda haka ɗaukar hotonsu aikin ceto ne, kuma abin gaggawa.

To, amma manomin Makoɗa shi ne zai fara yi wa ɗan jami'a dariya in ya ga yadda yake tafiyar da nasa girbin. Manomi ba ya bari sai dami ya iso ƙofar gida sa'an nan ya fara tunanin inda zai sa shi. Tun gero na cikin gona ya duba rumbunsa, ya gyara duwatsun da ya ɗora shi a kansu don kada gara da danshi su hau, ya sake jinka in ta tsufa. Bayan haka yakan ware iri daban da abin ci, ya ajiye inda hannun yara ba ya kai. Wanda ya yi girbi ya jibge a tsakar gida, ya yi wa kaji da ɓeraye noma ke nan.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. A 1964 aka kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin John Hunwick, a shekarar kuma shirin binciken tarihin Arewa ya kankama a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A 1970 Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Mutanen wancan zamani sun zaga garuruwa, sun aro takardu, sun ɗauki hotunansu a kan siririn fim, sun mayar wa masu su. Sun yi aikin da har yau ake cin gajiyarsa. Sai dai shi fim yana son sanyi da bushewar iska, in ya sha zafi da danshi yakan fara warin tsami ya lanƙwashe, kuma ba ya karantuwa sai da na'urarsa ta musamman, wadda samun mai gyaranta ya zama aiki. Abin lura a nan shi ne, kowane zamani yakan ɗauka cewa na'urarsa ita ce ta ƙarshe. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanai da hotunan rayuwar mutanen Birtaniya a kan wani faifai na zamani, don tunawa da cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na 1086. Kafin 2002 na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali shi tsohon littafin da aka rubuta a kan fata yana nan ana buɗe shi ana karantawa. Takardar malamin Makoɗa ta yi shekara ɗari cikin gafaka ba ta nemi lantarki ba. Wanda zai ce ya zo ceton ta, lalle ne ya nuna cewa hotonsa zai kai ko da rabin wannan.

Mene ne ake nufi da ma'ajiya a nan? Ana bukatar na'ura biyu, kowace da aikinta. Ta farko ita ce kwamfutar da ke karɓar hotuna daga kyamara, ta jera su, ta kuma miƙa su ga mai nema, wadda ake kira uwar garke. Ta biyu wani ɗan akwati ne mai ɗauke da faya-fayan ajiya biyu ko huɗu, ba shi da aiki sai riƙe abin da aka ba shi. Wannan shi ne rumbu. Ana haɗa su da wayar sadarwa, su riƙa magana ta ɗaya daga ƙa'idoji biyu da aka saba da su, watau NFS, wadda kamfanin Sun ya fitar tun 1984, ko kuwa SMB, wadda kwamfutocin Windows ke amfani da ita. Hikimar raba su ita ce uwar garke ce ke mu'amala da jama'a. Ita ake cusa wa filashi, ita ke kamuwa da cuta, ita ake gogewa a sake ɗora mata manhaja. In hotunan suna cikinta, duk abin da ya same ta ya same su. In kuwa suna rumbu, sai a sauya ta da wata, a sake ɗaura waya, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Akwai wani kuskure da kan auku a wannan haɗi wanda ya isa a ambata, domin ba ya ƙara ba ya tsuwa. Ita uwar garke tana ganin rumbu ne kamar wani ɗaki a cikin gidanta. In aka ɗauke wuta aka maido, ta riga rumbun farkawa, to ƙofar ɗakin tana nan amma babu komai a bayanta, sai ta riƙa zuba hotuna a nata ƙaramin faifan. Ma'aikaci yana zaton hatsi na shiga rumbu, ashe a bakin ƙofa yake tsiyaya. Ba za a gane ba sai ranar da faifan ya cika ko ya mutu. Maganin abin kuwa ba wuya: a ba rumbu adireshi tsayayye wanda ba ya sauyawa, a kuma umarci uwar garke kada ta karɓi hoto ko ɗaya sai ta tabbatar rumbun yana amsa mata.

Batun girma kuma lissafi ne mai sauƙi. Kyamara mai ɗigo miliyan 24, in aka ajiye hotonta cikin sigar TIFF ba tare da matsewa ba, kowane shafi zai ci wajen megabait 72. Littafi mai shafi 200 zai ci gigabait 14 da 'yan kai, terabait ɗaya kuma zai ɗauki shafi kusan 14,000. A ce sashe ya tura ɗalibi 20 a shekara, kowa ya kawo shafi 500, an sami shafi 10,000 ke nan, wajen gigabait 720. Ashe faifai mai terabait 8 zai ɗauki girbin shekara goma. Wani zai ce, don me za a ajiye hoto mai nauyi haka alhali waya na iya matse shi ya koma ɗan mitsitsi? Ɗan sashen Hausa bai kamata ya yi wannan tambaya ba. A rubutun Magariba, wanda shi ne tushen hannun malaman ƙasar Hausa, bambancin fa da ƙaf ɗigo ɗaya ne, wannan a ƙasa wancan a sama. Wasalin e a ajamin Hausa ɗigo ne da ake sawa ƙarƙashin baƙi. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu an matse shi, ɗigon tawada da kashin ƙuda sun zama abu guda, mai nazari kuma ya shiga gina hujja a kan kashin ƙuda.

Saboda haka rumbun ya kamata a kasa shi uku. Kashi na farko masussuka ce, inda sababbin hotuna ke sauka a duba su, a ga ko an tsallake shafi ko wani ya fito dishi-dishi. Kashi na biyu wurin iri ne, inda hotunan asali ke zama, kuma daga ranar da suka shiga babu mai ikon gogewa ko gyarawa, ko da shugaban sashe ne, sai dai dubawa. Kashi na uku abin ci ne, watau ƙananan kwafe-kwafe da ɗalibai za su riƙa ɗiba. Kowane hoton asali kuma a lissafa masa lambar shaida da dabarar da ake kira SHA-256, wadda in ko ɗigo ɗaya ya sauya a cikin hoton lambar za ta sauya. Sau biyu a shekara a sake lissafi a gwada da na farko. Ta haka ake gane ɓarna tun tana ƙarama, domin faifai ma yana da irin tasa garar, mai ci daga ciki ba a gani.

Masu sayar da irin wannan akwati sukan yi alfahari da cewa faya-fayan da ke ciki suna kwafar juna, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Gaskiya ne, kuma abu ne mai amfani. Amma fa duk cikin akwati guda suke, a ɗaki guda. In ma'aikaci ya goge abu bisa kuskure, ya gogu a duka biyun. In gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shigo, ba ya tambayar wanne ne kwafi. Ranar 1 ga Agusta 2024, sa'ad da zanga-zanga ta rikiɗe a Kano, an wawashe kayan sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa tun ba a buɗe ta ba, an kuma shiga babbar kotun jiha an yi ɓarna. A Afrilun 2021 wutar daji ta cinye zauren karatu na ɗakin littattafan Jagger a Jami'ar Kef Tawun, inda ake ajiye kayan nazarin Afirka. Kada kuma a ce wannan ciwon matalauta ne. A Satumban 2025 gobara ta kama cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu a birnin Daejeon, aka yi asarar wata ma'ajiyar ma'aikata mai terabait 858, wadda ba a yi mata kwafi a wani wuri ba saboda an ce ta yi girma. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Sashen da ke Kano yana iya ƙulla yarjejeniya da takwaransa na Sakkwato ko na Zariya, kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa kwafi, kamar yadda akan ba dangi ajiyar tunkiya a wani ƙauye.

Wuta da ƙura ba sa bukatar dogon bayani ga wanda ya zauna ƙasar nan. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Sa'ar da aka yi ita ce akwatin nan ba ya cin wutar da ta fi ta fankar sama, don haka faifan sola biyu da batir da inbata sun riƙe shi. Ɗaki dai ya zama mai iska, nesa da taga, a riƙa share masa ƙurar hunturu.

Babbar hujjar masu ganin duk wannan wahala ce ta banza ita ce, ai yanzu akwai gajimare: a zuba komai a Google ko wani kamfani irinsa, a huta. Hujjar tana da ƙarfi, domin waɗannan kamfanoni sun fi kowace jami'a iya tsaron na'ura. Amma shi gajimaren nan kwamfutar wani ce a wata ƙasa, haya ake biya, kuma da dala. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Sashen da ya yi kasafinsa da naira, hayarsa ta ninka uku ba tare da ya ƙara hoto ko ɗaya ba, in kuwa ya kasa biya aka rufe asusun, babu wanda zai kai wa kuka. A Maris 2024 ma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gabar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik na kwanaki. Gajimare ya dace ya zama kwafi na uku. In ya zama shi kaɗai ne, to zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Haka nan batun cibiyoyin ƙetare. Akwai masu jin haushin cewa hotunan takardun ƙasar Hausa suna London ko Boston. Wannan haushi bai da wurin zama. Shirin ceton takardu na Ɗakin Littattafan Birtaniya, wanda aka fara a 2004, sharaɗinsa shi ne takardun asali su zauna ƙasarsu, a kuma bar kwafin hotunan a wata cibiya ta ƙasar. Jami'ar Boston ta sa takardun ajami na Hausa a intanet kowa na dubawa kyauta. Sa'ad da aka kwashe takardun Timbuktu zuwa Bamako a 2012 da 2013, aka kuma yi asarar wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, wata cibiya ta jihar Minnesota a Amurka ce ta taimaka wajen ɗaukar hotunan waɗanda suka tsira. Sun cancanci godiya. Abin tambaya yana gida: kwafin da aka bari a nan, wa ke duba shi? Ga shi kuma a Oktoban 2023 'yan fashin intanet sun kai wa shi Ɗakin Littattafan Birtaniya hari, ayyukansa da dama suka tsaya wata da watanni. Wanda ya dogara da London kaɗai, ranar nan hannunsa wayam.

Akwai wani al'amari da ya fi na'ura nauyi, shi ne amana. Malamin da ya kwance wa ɗalibi gafakarsa bai yi haka don jami'a tana da hatimi ba. Ya yi ne don an zo masa da ladabi, ko don ɗalibin jikan abokinsa ne. Ba kuma duk abin da ke gafaka ne na bainar jama'a ba. Kundin malami yakan ƙunshi laƙani da sirrin da ya gada, wanda ko ɗansa sai ya kai munzali yake nuna masa. Takardar gona kuwa, a ƙasa irin Makoɗa inda taƙi guda ke iya kai 'yan'uwa gaban alƙali, ba abin liƙawa a Facebook ba ce. Hoton da ke yawo a wayoyin ɗalibai ba shi da ƙofa balle makulli. Rumbu ne kaɗai ke ba da damar a ce wannan kowa ya gani, wannan sai mai bincike da izini, wannan kuwa an rufe shi har shekara kaza bisa sharaɗin mai shi. Ya kamata a rubuta sharaɗin cikin Hausa, a karanta wa malamin, ya sa hannu, a ɗauki hoton takardar a ajiye tare da hotunan littafinsa. Sa'an nan a buga masa kwafi a kan takarda mai kyau a kai masa har zaurensa, domin filashi ba ya yi wa dattijo amfanin komai.

Aikin da ya rage kuma na sashen Hausa ne shi kaɗai, injiniya ba zai yi masa ba. Hoto 10,000 masu sunaye irin waɗanda kyamara ke laƙa musu tarin ƙaiƙayi ne, babu mai iya tsintar tsaba a ciki. Kowane littafi yana son lambarsa, da bayanin garin da aka samo shi, da gidan da yake, da mawallafi da mai kwafa in an ambace su, da harshen da aka yi shi, da farkonsa da ƙarshensa, da ranar da aka ɗauki hoton. Sai wanda ya iya karanta ajami ne zai san cewa ganyen nan na waƙar wa'azi ne ya ɓata ya faɗa cikin littafin fiƙihu. A nan akwai wata 'yar dabara: bayanin a rubuta shi da cikakkiyar Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, amma sunan da za a laƙa wa hoton kansa a bar shi lambobi da baƙaƙe marasa lanƙwasa, saboda waɗansu tsofaffin manhajoji sukan rikita haruffa masu ƙugiya in ana kwafa daga na'ura zuwa na'ura.

Saura wanda zai riƙe makulli. Abin da aka saba gani shi ne a sami ɗalibi guda mai hannu a kwamfuta a jibga masa komai, ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirri a kansa. Ko kuwa a sayi kaya da kuɗin wani tallafi, a yanka zare, a ɗauki hoto, tallafin ya ƙare, faifai ya mutu a shekara ta biyar ba a sami kuɗin sauya shi ba. Asusun TETFund da makamantansa sun fi saurin biyan kuɗin gini da sayen kaya a kan kuɗin kulawa, saboda haka sashe ne zai sa abin cikin kasafinsa na kowace shekara, ko da kuɗin faifai ɗaya da batir ɗaya ne. A naɗa ma'aikaci na dindindin da mataimaki, a rubuta yadda aka haɗa komai cikin littafi na takarda, a sa kalmar sirri cikin ambulan a rufe a ofishin shugaban sashe. Sau ɗaya a shekara kuma, a gaban kwamitin sashe, a zaɓi littafi guda daga cikin na Makoɗa, a ɗauka rumbun ya ƙone, a nemo kwafinsa daga Sakkwato, a buɗe a ƙirga shafukan.